Idan notin kik ya cije

Jiya da yamma, muna tattara kaya, ka tambaye ni kan Corollar nan da aka janyo mana daga Kawo. Ka ce, "Oga, in an murɗa makulli sai ta yi ƙas sau ɗaya ta yi shiru. Na shiga ƙarƙashi zan ciro kik, noti ɗaya ya kwance, ɗayan ya ƙi ko motsi. In zura wa sifana bututun ƙarfe in taka da ƙafa?" Na ce maka ka ajiye sifanar, don an kira magariba kuma maganar ba ta tsaye ba ce. To ga amsar, ɗana.

Kafin mu je ga noti, wa ya tabbatar maka kik ne, wato na'urar da ke juya inji ya tashi? Mai mota ya ce kik, kai ma ka ɗauka. Na sha ganin yaro ya wuni yana fama da noti, ya fito da kik lafiyarsa ƙalau, ashe kan batir ne ya yi gansakuka. Fara da kunne. Ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilun dashbod suna lumshewa, wannan yawanci batir ne ya yi sanyi ko kansa bai kama ba. Idan kik ya yi gudu fiii amma inji bai juya ba, bendis ne, wato ɗan ƙarfe mai haƙora na bakin kik, ba ya kama filawil, babban faifai mai haƙora na bayan inji. Ƙarar gurzar ƙarfe kuwa haƙora ne suka cinye, na bendis ko na filawil. Shiru gaba ɗaya, sai ka duba fis da rile da makulli, in kuma otomatik ce ka mayar da giya N ka sake gwadawa. Ta Corollar nan ƙas ɗaya ce mai ƙarfi, wato solinoyid, abin da ke sakar wa kik wuta, yana bugawa amma wuta ba ta juya kik ɗin.

Nan mitar auna wuta za ta yi maka magana. Cikakken batir yana nuna wajen volt 12.6. Sa wani ya riƙe makulli a wurin tayarwa, kai ka zuba wa mita ido. In ta faɗi ƙasa da 9.6, batir ya gaza, ko kuwa wani abu na jan wuta fiye da ƙima. In ta tsaya kusa da 12 ba ta girgiza ba, wutar ba ta wucewa ke nan, sai ka bi babbar wayar har bayan solinoyid ka auna a can, ka duba wayar as, wato ta nagetif, da ke haɗa inji da jikin mota. Kik na ƙaramar mota yana jan amfiya sama da 100, shi ya sa ɗan dattin da bai hana rediyo aiki ba yake hana shi. Sannan ka sa soket a notin fuli ka juya injin da hannu. Injin da ya ƙame shi ma ƙas ɗaya yake yi, kuma sabon kik ba zai tashe shi ba. Sai batir ya cika, wuta ta isa babbar waya da ƙaramar, as ya kama, inji na juyawa, sannan za ka ce kik ne da bakinka.

Na ga kana neman guduma ka buga masa. A tsofaffin Fijo 504 da aka harhaɗa a Kakuri mun yi hakan, burushi ya ɗan zauna mota ta tashi. Yawancin kik na motocin yanzu maganaɗisu ne a cikinsa, bugu mai ƙarfi yana fasa shi. Ɗan ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma ya isa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali jiya shi ne na ga kan batir a ɗaure, kai kuma kana ƙarƙashi da sifana. Babbar wayar kik a yawancin motoci ba ta da fis, wuta na cikinta ko makulli na aljihunka. Sifana ta haɗa ta da jikin inji, nan take za ta yi jawur a hannunka. Cire nagetif tukuna, kullum, ka cire zoben azurfar nan na yatsarka. Kuma kada ka ƙara shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Muna da rami, muna da abin tokara.

Yanzu notin. Shi na ƙarfe ne, gidan da ya shiga na alminiyam. Ruwa ya ratsa tsakaninsu shekara da shekaru, sai alminiyam ya riƙa fitar da wani farin gari kamar alli, ya cika tsakanin haƙoran ya riƙe su gam. Dubi notin da ka riga ka ciro, za ka ga garin a jikinsa. Motar nan tokumbo ce, kuma a Amurka da Kanada ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, shi ne ya cinye ƙarƙashinta haka. Ta zo nan daminar Kaduna ta ƙara mata. Ƙarfin ƙafarka ba zai narkar da garin ba. Abin da zai yi shi ne ya murɗe wuyan notin ya bar maka guntu a ciki.

Abu na farko, mayar da notin da ka kwance ka ɗaure shi daidai. Da ka cire shi, nauyin kik ɗin duka ya rataya a kan wanda ya cije, ya ƙara shaƙe shi. A irin wannan aiki, noti mai wuyar ake fara sassautawa. Goge kan notin da burushin waya har ƙarfe ya bayyana. Fesa masa WD-40, in babu, kananzir ko man birki, amma kada man birki ya ɗiga a fenti. Ka bar shi ya sha, ka je ka yi wani aikin, ka dawo ka ƙara. Sai ka ɗora ɗan sandan ƙarfe a tsakiyar kansa ka buga da guduma sau da yawa, bugu matsakaici, girgizar ce ke farfasa garin.

Ajiye sifana mai buɗaɗɗen baki, ita ke cinye kan noti. Ɗauko soket lamba 14 mai kusurwa shida, ba mai sha biyu ba, ka tura shi ya zauna har ƙasa. Fara da ɗan ɗaurewa kaɗan, sannan ka ja baya. Ja a hankali, ba fizga ba. In ka ji ya yi ƙara ƙyas ya motsa, alhamdu lillahi, amma kada murna ta sa ka zarce. Kwata baya, ɗan gaba, fesa mai, ka sake. In kuwa ka ji sifana na tafiya da laushi kamar kana murɗa ɗanyen kara, tsaya nan take. Notin ne ke lanƙwasa, saura ƙiris ya karye. Wannan bambancin hannu ne ke koyonsa, kuma shi nake so ka ji gobe.

In duk ya ƙi, sai wuta. Gidan ake ɗumamawa, ba notin ba, domin alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe in ya ji zafi. Sai dai ba ya yin ja ya gargaɗe ka, yana kaiwa wajen digiri 660 sai kawai ya zube. Ga bututun fetur da wayoyi a kusa, ga man da ka fesa. Wannan matakin ba ka yin sa sai ina tsaye.

Ina yaron gareji na taɓa yin abin da ka so yi jiya, a kan motar wani malamin makaranta. Na zura bututu na taka, kunnen giyabos ya ɓalle tare da notin. Aikin awa ɗaya ya koma sauke giya, aka kai kasuwar Panteka aka yi waldar alminiyam, mutumin ya yi kwana uku yana shiga motar haya da 'ya'yansa. Maigidana ne ya biya daga aljihunsa. Har yau ina tuna yadda malamin ya tsaya yana kallon guntun a tafin hannuna bai ce komai ba.

Idan kan notin ya riga ya cinye, a buga masa soket da ya ɗan fi shi ƙanƙanta, ko mai walda ya ɗora wani noti a kansa, zafin waldar ma na taimakawa. Batir dai a cire yake kafin walda, saboda kwamfutar mota.

In kik ya fito, kada ka ruga Panteka neman na Beljiyam. Kai wa mai riwaya ya buɗe, sau da yawa burushi ne ya ƙare ko tagullar cikin solinoyid ta ƙone, kuɗin gyaran bai kai na wani kik ba, kuma mai motar nan albashi yake jira. Ka leƙa ramin ka duba haƙoran filawil. Wajen mayarwa ka kankare fuskar da kik ke zama, ta nan yake samun as, ka shafa ɗan giris a haƙoran noti, ka fara ɗaura shi da yatsu.

Gobe in Allah ya kai mu ka riga ni zuwa. Auna batir ɗin kafin ka cire kansa, ka rubuta abin da mita ta nuna, ka fesa wa notin mai, ka jira ni.