Tambaya da Amsa: Ɗaukaka Ƙara Saboda Bayanin da Alƙali Ya Yi wa Juri

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanina yana zaune a birnin Houston na jihar Texas a Amurka. 'Yan sanda sun tare shi da dare suka ce yana tuƙi a buge, suka nemi ya hura na'urar gwajin barasa, ya ƙi. An gurfanar da shi, kuma kwanaki goma da suka wuce aka same shi da laifi, aka ci shi tara tare da ɗaurin talala. Ya ce mini a cikin bayanin da alƙali ya karanta wa masu yanke hukunci har da cewa suna iya ɗaukar ƙin hurawar a matsayin hujja a kansa, kuma wani lauya ya ce wannan kuskure ne. Shin wannan ya isa a ɗaukaka ƙara, kuma za a wanke shi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya kawo wa ƙaninki mafita. Lauyan nan ya yi magana a kan turba, amma kafin ki sa rai sosai ya kamata ki san yadda shari'ar take tafiya a can, domin ta bambanta da abin da muka saba gani a kotunanmu, inda alƙali shi kaɗai yake auna shaida ya kuma yanke hukunci.

A Amurka aikin ya rabu biyu. Alƙali ne mai faɗin abin da doka ta ce, su kuwa juri, wato mutanen gari da ake zaɓowa su taya shi shari'a, su ne masu tantance ko an aikata laifin. A Texas mutum 6 ne suke zama a ƙaramin laifi irin tuƙi a buge karo na farko, a babban laifi kuma 12. Kafin su keɓe su yi shawara, alƙali yakan karanta musu rubutaccen bayani na dokar da za su yi aiki da ita, misali cewa buguwa a dokar jihar ita ce mutum ya rasa daidaiton hankalinsa ko na jikinsa saboda abin maye, ko a sami barasa a jikinsa ta kai ma'aunin 0.08. Tun da yake waɗannan mutane ba su karanci doka ba, abin da alƙali ya faɗa musu shi ne madogararsu, kuma wannan ne ya sa kotunan sama suke duba kowane layi na bayanin.

Batun ƙaninki kuwa an riga an yi hukunci a kan irinsa. A shekarar 2008, a shari'ar Bartlett, kotun ƙoli ta laifuffuka ta Texas da ke Austin ta ce kuskure ne alƙali ya ware ƙin hura na'ura ya ambace shi a cikin bayaninsa. Dokar jihar ta yarda a kawo ƙin a matsayin shaida, mai gabatar da ƙara ma yana iya kafa hujja da shi, amma idan alƙali ya faɗa da bakinsa, ya ba wa shaida guda nauyin da ya fi na sauran. A ganina hukuncin ya dace ƙwarai, domin kalmar alƙali a kunnen talaka ba ɗaya take da ta lauya ba.

Sai dai samun kuskure bai wadatar ba, kuma a nan ne ƙararraki da yawa suke faɗuwa. Abu na farko da kotun ɗaukaka ƙara za ta duba shi ne ko lauyan ƙaninki ya nuna rashin amincewa da wannan sashe kafin a karanta wa juri, a rubuce ko ta bakin da magatakarda ya ɗauka. Bisa ƙa'idar shari'ar Almanza ta 1985, idan ya yi haka, ya isa a nuna cewa kuskuren ya ɗan cutar da wanda ake tuhuma. Idan kuwa ya yi shiru, sai an tabbatar da mummunar cutarwa wadda ta hana shi samun shari'ar adalci, kuma hawa wannan tudu yana da wuya. A kowane hali alƙalan za su auna bayanin gaba ɗayansa, da ƙarfin shaidun, da abin da lauyoyin ɓangarori biyu suka faɗa a jawabinsu na ƙarshe. Idan akwai bidiyon 'yan sanda da ya nuna shi yana tangaɗi, suna iya cewa da kuskuren da babu shi sakamakon ɗaya ne. Idan kuma shaidar ba ta da ƙarfi, mai gabatar da ƙara ya yi ta nanata ƙin hurawar yana jingina da bayanin alƙali, to ƙaninki yana da abin riƙewa.

Game da wankewa, ina so ki shirya wa iyayenku zuciya tun yanzu. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta sauraron sababbin shaidu; alƙalai uku ne za su karanta rubutaccen tarihin shari'ar da hujjojin lauyoyi. Idan ya yi nasara, abin da aka saba shi ne a soke hukuncin a mayar da shari'ar kotun farko, inda gwamnati take da damar sake gurfanar da shi, ko ta nemi sasantawa, ko ta janye. Wannan yakan ɗauki watanni masu yawa.

Abin da ya fi gaggawa shi ne lokaci. Kwana 30 kacal yake da su daga ranar da aka yanke masa hukunci don shigar da takardar sanarwar ɗaukaka ƙara, sai dai idan ya nemi sake shari'a a cikin wannan wa'adi, wanda zai mayar da shi kwana 90. Goma sun riga sun tafi. Ki kira shi yau ki ce ya sami lauyan da ya ƙware a ɗaukaka ƙara, ya nemi a rubuto cikakken tarihin zaman kotun har da tattaunawar da aka yi kan bayanin juri, kuma idan ba shi da hali ya roƙi kotu ta ba shi lauya da kwafin kyauta. In har bai zama ɗan ƙasa ba, ya tuntuɓi lauyan shige da fice kafin ya amince da kowace irin sasantawa, domin hukuncin yana iya shafar takardunsa na zama.