Likita ya ce sai an ɗebi ɗan nama daga ƙullin nonona

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Shekarata 36, ina unguwar Birni a nan Damagaram. Wata uku ke nan ina jin wani ƙulli a nonona na hagu, ba ya ciwo. An yi mini hoton eko, irin wanda ake yi wa masu ciki, likita ya ce sai an ɗebi ɗan nama an auna. Uwar mijina ta ce a'a, wai ciwon daji in ƙarfe ya taɓa shi bazuwa yake yi. Tsoro ya hana ni barci. Yaya ake aikin, kuma yaushe zan koma hidimar gidana?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴata. Allah ya sawwaƙe. Ki je a yi, kada ki ƙara ko mako guda.

Maganar Inna na sha jin ta a bakin mata masu hankali, kuma na san tushenta. Sun ga wadda ta ɓoye ƙulli shekara biyu, sai da ya fashe aka kai ta asibiti, aka taɓa, ba ta daɗe ba ta rasu, sai laifi ya hau kan ƙarfe. Jinkirin nan shi ya cinye ta. Allurar gwaji ba ta watsa cutar. Ki faɗa wa Inna cikin ladabi, ko maigida ya tafi da ita ta ji daga bakin likita. Ki kuma sani ƙulli da yawa da ake aunawa lafiyayyu ake samun su, musamman ga mata masu ƙananan shekaru. Amma hannu da hoto ba sa yanke hukunci, sai an duba naman a madubin likita.

Aikin da kansa, wanda suke kira biyopsi, bai cika wuce minti 30 ba. Ki ci abincinki kafin ki tafi. Za ki kwanta, a wanke wurin, a yi miki allurar kashe zafi. Ita ce za ta ɗan yi yaji, daga nan dannawa kawai za ki ji. Likita zai sa allura mai rami, sau da yawa yana kallon eko, ya ciro ƴan siraran nama kamar tsinken tsintsiya, sau uku zuwa biyar. Kowace cira na'urar tana yin "ƙas!" da ƙarfi. Wannan ƙarar ce ke firgita mata, shi ya sa nake gaya miki tun yanzu. A danne wurin, a sa filasta, ki koma gida a ranar. In kina shan asfirin ko maganin tsinka jini, ki faɗa tun kafin a fara.

A gida, kwana ɗaya zuwa biyu ban da daka, ban da ɗaukar jarka ko goyo, kuma ruwa kada ya jiƙa filastar. Rigar nono mai ɗan kamawa tana rage zogi, farasitamol ya isa. Wurin zai yi duhu na jinin da ya kwanta, ya washe cikin mako ɗaya ko biyu. Don Allah kada ki gasa shi da ruwan zafi, kada a shafa toka ko sassaƙe. In zazzaɓi ya zo, ko ja da kumburi suna ƙaruwa, ko mugunya, ko jinin ya ƙi tsayawa bayan kin danne minti 15, ki koma asibiti a lokacin.

Jiran sakamako shi ya fi allurar wuya. Kafin ki fita ki tambaya: a nan za a auna ko Yamai za a aika, kuma wa zai kira ki? In an ba ku kwalbar da aka sa naman ku kai da kanku, kada a buɗe ta, ruwan ciki shi ke tsare naman. In ya nuna daji ne, wannan naman zai faɗi irinsa da maganin da zai ci shi, akwai kuma cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji a Yamai. Ranar karɓar takardar ki tafi da ƴar'uwarki, ta riƙe abin da likita ya ce, don ke ba duka za ki tuna ba.