Yadda za ka gane lafiyar ruwan tafkin kifi

Ka tambayi yadda ake gane ko ruwan tafki ya dace da kifi. Je ka duba da asuba, ɗan'uwa, lokacin ne iskar oksijin ta fi ƙaranci, domin gansakuka tana samar da ita da rana, da dare ta zuƙe ta. In kifi sun taso sama suna haki, iskar ta yi ƙasa. Ana son miligiram 5 a kowace lita ko fiye.

Tsoma hannunka kuma. In tafin ya ɓace kafin santimita 20, koren ya yi yawa, rage abinci da taki. Ma'aunin pH, wato na tsami ko kanwar ruwa, ya tsaya tsakanin 6.5 da 9. Ni dai amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, ta fi damuna: ido ba ya ganinta, dafinta kuma yana ƙaruwa in pH ya hau, don haka auna ta da la'asar, lokacin da pH ya fi hawa.