Ajiye Zancen Sanda, Daga Ƙugiya Ake Farawa

Ka tambaye ni wace ƙugiya, wane zare da wace dalma za ka saya don ɗaura tanar roba in za ka fita neman kifin bas, wani kifin tafki da kogi mai farautar ƙananan halittu, wai kuma ka ga wata sanda a Facebook kana so in ce maka ko ta dace. Yaro, ajiye zancen sandar nan tukuna. Ku 'yan yanzu abin da zai yi kyau a hoto kuke fara saya, ƙugiya kuwa, wadda ita kaɗai ke shiga naman kifi, sai ku ɗebo duk wadda hannu ya kai.

Ɗauki robar da za ka yi aiki da ita ka duba kaurinta, sannan ka duba bakin ƙugiya, wato tazarar da ke tsakanin tsini da gangar jikinta. Bakin nan ya kai kamar ninki biyu na kaurin robar. In kifi ya datse koto, robar tana bukatar inda za ta matsa ta bar tsini a fili. In bakin ya yi ƙunci, roba ce za ta toshe shi, ka fizga iya ƙarfinka tsini bai taɓa komai ba, ka fito da koto a dunƙule kana zagin kifi. Siririyar tana mai inci 6 ko 7, ƙugiya mai lanƙwasa a wuya lamba 3/0 ta wadatar. Roba mai ƙiba, irin mai siffar ƙadangare ko jatan lande, sai mai faɗin baki, wadda za ka ga an rubuta EWG a ledarta, lamba 4/0 ko 5/0. Kada ka sa EWG a komai don ta fi kyan gani: tsininta yana kusan layi ɗaya da hancinta, wato ramin da ake ɗaura zare, shi ya sa a siririn koto takan zame daga bakin kifi ba ta kama ba. Lambar ma kada ka rantse da ita, 4/0 ɗin wani kamfani bai kai na wani ba. Ɗora robar a kan ƙugiyar, idonka ya yanke hukunci.

Sai kaurin wayar ƙugiyar, kuma nan ne tambayarka ta taɓo mini inda yake yi mini ciwo. Wani attajiri ya ɗauke ni in kai shi ruwa mai ciyawa, ba zan faɗi sunansa ba. Na haɗa masa kaya yadda ya kamata: kitsattsen zare mai ɗaukar kilo 30, miƙaƙƙiyar ƙugiya mai kaurin waya, da nauyin tangistin, wani ƙarfe da ake sawa a madadin dalma, giram 28 don ya huda ciyawar ya sauka. Ina juya baya, bawan Allah ya yanke ƙugiyata ya ɗaura wata siririya da ya zo da ita, wai ya ji a bidiyo siririya ta fi saurin shiga. Gaskiya ne ta fi saurin shiga, amma an yi ta ne don zaren kilo 3 ko 4 da sanda mai laushi. Ya kuma murɗe birkin injin naɗi har ƙarshe. Kitsattsen zare ba ya miƙewa ko kaɗan, sandar mai tauri ce, birki a kulle. To duk ƙarfin fizgar ina zai tafi? Kifi ya ɗauka, babba ƙwarai, sai da gefen cikinsa ya fito fili ya ture ciyawa. Mutumin ya ja da baya da dukan jikinsa, zare ya dawo fayau, ƙugiya ta buɗe ta miƙe kamar allura. Da muka fito sai ya ce kayana ne marasa kyau, ya hana ni ladan yinin, kuma akwatin tangistin ɗin da na ara masa ya bi shi cikin mota. Har yau ban yafe akwatin nan ba. Ga lissafin: zare mai ƙarfi da sanda mai tauri, ƙugiya mai kauri. Zare siriri, ƙugiya siririya, domin siririn zare ba shi da ƙarfin da zai tura kakkaurar waya ta shige har ƙayarta, zai tsinke kafin nan.

Kada kilo 30 ɗin nan ya ruɗe ka. Bas mai babban baki mafi girma da ke rubuce kilo 10 da ɗan wani abu ne, wanda George Perry ya kama a jihar Georgia ta Amurka a 1932, sai a 2009 Manabu Kurita ya kamo kwatankwacinsa a tafkin Biwa na Japan. Ciyawar da kifin zai naɗo ake sayen wannan zare dominta, yana yanka ta ya fito. A ruwa mai haske, wurin duwatsu ko kututture, zaren fuloro, wato fluorocarbon, zare garau mai kama da nailan, mai kilo 6 zuwa 9 ya fi: yana nutsewa, kifi ba ya ganinsa sosai, kuma yana jure gogar dutse fiye da kitsattse. Aibinsa a ƙulli yake. In ka ja ƙullin a bushe, zafin gogayya zai ƙona shi, ya tsinke daidai wuyan ƙugiya. Jiƙa shi da yawu, ka ja a hankali. Nailan yana miƙewa da yawa, in koto ya yi nisa fizgarka ba ta isa ga ƙugiya da ƙarfinta. In da kitsattse za ka ɗaura, duba hancin ƙugiyar da kyau, wadda hancinta bai rufe ruf ba zaren yakan sulale ta wannan 'yar kafa.

Nauyi kuwa, mafi sauƙin da zai kai ka ƙasa shi ne daidai. A ɗaurin Texas, wato inda ake binne tsinin ƙugiya a jikin roba, nauyi yana gabanta a jikin zare, nauyi mai siffar harsashi giram 3.5 zuwa 5 ga ruwan da bai wuce mita 2 ba, giram 7 zuwa 10 in zurfi ya ƙaru ko iska ta taso tana kumbura zare, giram 14 zuwa sama sai cikin sarƙaƙiya. Yawancin cizo yana zuwa ne lokacin da koto ke sauka, in ka lafta masa nauyi zai wuce gaban kifi kafin ya yanke shawara. Tangistin ya fi dalma nauyi a ƙaramin jiki kuma ya fi ta tauri, don haka yana ratsa ciyawa, kana kuma jin bambancin laka da tsakuwa a hannunka. A fili ka bar nauyin yana zamewa a jikin zare. Cikin itace ko ciyawa ka tokare shi da 'yar robar tsayarwa, in ba haka ba nauyi zai faɗa ta wannan gefen reshe, koto ya rataye ta wancan. Kada ka tokare da tsinken sakace, yana cin zare.

Yadda ake zira robar a binne tsini a jikinta ba zan ɓata bakina ba, wanda bai iya wannan ba bai isa tambayar ƙugiya ba. Abu ɗaya: riƙe zaren ka bar koton ya rataya. In ya karkace, cire ka sake, domin karkatacciyar tana juyawa take yi a ruwa tana murɗe maka zare.

Yanzu sandarka. Ga ɗaurin Texas, mai tsawon ƙafa 7, mai matsakaicin tauri zuwa sama, wadda kanta kaɗai ke lanƙwasawa sauran jikin ya tsaya. Wadda ka nuna mini tana lanƙwasawa tun daga tsakiya, ta koto mai ƙugiya uku ce, ba za ta iya tura tsini ya huda roba sannan ya huda muƙamuƙin kifi ba. Bar ta a can. Da kuɗin sai ka sayi ƙugiya 3/0 da 4/0, nauyi giram 5 da 7 da 10, da ƙunshi ɗaya na fuloro mai kilo 7, ka zo da su in duba kafin ka jefa ko ɗaya a ruwa.