Dalilin da nake sa ka canza ruwan ɗauraya

Kai yaro, wai tambayata kake me ya sa nake hana ka ɗauraya a ruwan da kumfa ta riga ta cika, tunda dai ka cuɗa kaya sun fita. Wallahi ka fama min tsohon miki.

Wani mai otal ne ya taɓa ba ni kwangilar fararen zannuwan gado da tawul, ranar ruwa ya yi mana wuya, yaron da ke hannuna lokacin sai ya ɗauraye su duka a baho ɗaya babu canji, ni kuma ban leƙa ba, nan ne laifina. A jiƙe fari tas. Da suka bushe sai ga su dishi-dishi kamar an barbaɗa musu toka. Mutumin nan ya riƙe kuɗina har da na watan baya da babu ruwansa da maganar, ya ba wani aikin, kuma zannuwan da ya ce na lalata su ya ci gaba da shimfiɗa wa baƙinsa, da idona na gani! Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Jiƙo da cuɗa ba zan tsaya koya maka ba, wannan ko ɗan yaye ya sani. Abin da ku yaran yanzu ba ku da haƙurin ji shi ne, ruwa tsakanin zare da zare yake wucewa, can cikin silin zaren kusan a tsaye yake, sabulu ya ɓamɓare dattin amma yana nan maƙale. Sai ka zuba sabon ruwa, ciki sabulu ya yi yawa, waje babu, dole ya nemi fita. To a cikin ruwa sabulun gida biyu yake rabuwa, manyan ƙwayoyi da ƙanana, ƙananan sun fi manyan gudu, wannan bambancin gudun ke haifar da 'yar wutar lantarki da ke turo ƙwayoyin dattin waje. Howard Stone na jami'ar Princeton a Amurka da abokan aikinsa sun nuna haka a 2018, ni kuwa asara ce ta riga su koya min.

Ruwan kumfa ciki da waje duk ɗaya ne, me zai tura dattin? Ajiye wayar nan ka zubar da wancan bahon, ka ɗebo sabo, kuma ka bar kayan su ɗan zauna a ciki kafin ka matse.