Game da ƙaninka da harbin kibiya

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko ƙaninka, wanda hatsarin babur ya zaunar a keken guragu, zai iya kaiwa ga gasar harbin kibiya. Ni shan inna ne ya taɓa mini ƙafafu tun ina yaro, kuma shekara shida ke nan ina jan baka a nan Legas.

Ƙarfin wannan wasa yana a baya da kafaɗa. A watannina na farko, kibiya ashirin nake harbawa hannuna ya soma rawa, ga tsirkiya tana dukan damtsena har ya yi shati. Sai da mai horar da mu ya mayar da ni kan baka mai laushi, ya kuma hana ni gusar da keken ko da taƙi ɗaya bayan na ɗaure birki, sannan kibiyoyina suka fara taruwa wuri guda a jikin allo. A gasa, mai baka irin na Olamfik yana harbi daga mita 70, mai bakan nan da ke da 'yan tayoyi a ƙarshensa kuma daga mita 50, kuma iska kaɗan ta isa ta kautar da kibiya a wannan nisa.

Ka ba shi labarin Zahra Nemati ta Iran, domin lalurarsu ɗaya. 'Yar wasan tekwando ce har hatsarin mota ya taɓa mata laka, ta koma kan baka, ta ci zinare a gasar nakasassu ta Landan a 2012, ta maimaita a Riyo a 2016, ta sake ci a Tokiyo. Matt Stutzman na Amurka kuwa ba shi da hannu ko ɗaya, da ƙafa yake riƙe baka, ya kuma ɗauki zinare a Faris a 2024.

Kafin gasar ƙasa da ƙasa, sai masu tantancewa sun duba shi. Idan lalurar ta shafi hannuwansa ma, rukunin W1 za a sa shi, in ba haka ba sai buɗaɗɗen rukuni.

Abin da ya fi wahalar da ni shi ne hanya da kuɗi. Shiga danfo, wato bas ɗin haya na Legas, da keken guragu daga Agege da sassafe jarrabawa ce, kayan harbi kuma daga waje ake shigo da su da dala. Kada ku yi gaggawar saya masa baka. Ya fara ganin likitansa, sannan ya ɗaura robar tayar keke a ƙarfen taga yana ja kullum, ya riƙa aron bakan wurin horo har kafaɗarsa ta zauna.