Wace hanya ce ta fi wajen hana abinci lalacewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, nakan sayi kayan abinci da yawa a lokaci guda don in rage zirga-zirga, amma kafin mu cinye sai wani ya ruɓe, wani ya yi funfuna, wani kuma ƙwari su shige shi. Waɗanne hanyoyi ake bi wajen adana abinci, kuma wacce ta fi? Sannan idan girki ya kwana a waje, na ɗumama shi sosai kuma ban ji wari ba, ai babu matsala ko?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce ta fi haɗari. Hanci ba ya iya yanke hukunci a nan. Ƙwayoyin da ke sa abinci wari da yauƙi daban suke, waɗanda ke kwantar da mutum da amai da gudawa daban, kuma na biyun sau da yawa ba sa canza ƙamshi ko ɗanɗano. Ɗumame yana kashe ƙwayoyin, amma wasunsu sun riga sun zuba gubarsu a cikin abincin, kuma zafin tukunya ba ya rusa ta. Dafaffiyar shinkafa ta yi suna a wannan: akwai ƙwayar da ake kira Bacillus cereus wadda irinta ke jure dahuwa, ya farfaɗo idan shinkafar ta huce a waje, ya bar gubar da ɗumame bai yi mata komai. Tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyas ƙwayoyin cuta suka fi yaɗuwa, wasu kan ninka yawansu duk bayan minti 20. Shi ya sa ake cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a waje. Ba ƙaramin lamari ba ne: a rahotonta na 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su rasu.

Ita kuwa tambayar wacce ta fi, gaskiya babu wadda ta fi a kan komai. Abin da ke ɓata abinci rayayye ne, yana buƙatar ruwa da ɗumi, akasari da iska, kuma ba ya son tsami. Kowace dabara ta adanawa hana shi ɗaya daga cikin waɗannan take yi. Sai ki duba abincin da ke gabanki, ki ga wanne ne ya fi sauƙin janyewa.

Busarwa ce mafi tsufa, kuma a ganina ita aka fi rainawa alhali ita ce mafi amfani ga hatsi, wake, gyaɗa, barkono, tumatir, ganye, har nama da kifi. Inda ake samun matsala shi ne a busar da bayan abu a bar danshi a cikinsa. Masara ana so danshinta ya sauka zuwa kashi 13 ko 14 cikin 100 kafin a zuba ta a buhu, gyaɗa kuma ƙasa da haka sosai, wajen kashi 7 zuwa 8. In ba haka ba funfuna za ta kama, kuma wata funfunar, mai suna Aspergillus flavus, tana haifar da gubar afulatoksin da ke lalata hanta, har ta jawo ciwon daji. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da ƙullin gyaɗa mai funfuna. Dahuwa ko suya ba sa kawar da ita gaba ɗaya, don haka ƙwayar da ta canza launi ko ta yanƙwane a tsince ta a zubar, kada a ba dabbobi ma, domin gubar tana fitowa a nonon saniya. Ki riƙa yanka abin shanya sirara, ki baza a kan abu mai tsabta da ke sama da ƙasa, ki rufe da raga saboda ƙuda, ki kwashe kafin raɓa ta sauka.

Bayan bushewa sai batun ƙwari. Su ma numfashi suke yi. Idan aka cika mazubi da busasshen hatsi ko wake har baki, aka toshe shi yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin da ke ciki za su shanye ɗan abin da ya rage su mutu, ba tare da an zuba magani ba. A kan wannan aka ƙera buhuna masu ruɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da su. Sharaɗin dai kada a riƙa buɗewa kullum. Ki ware na amfanin yau da gobe a wani mazubin. Zuba maganin feshin gona a cikin abinci kuwa ganganci ne tsantsa.

Gishiri da sukari aikin busarwa suke yi ta wata fuskar: suna zuƙe ruwan da ƙwayoyin za su sha. Dalilin da ya sa zuma ke daɗewa ke nan, haka kifi mai gishiri. Amma sai an zuba da yawa, ɗan barbaɗen da ake yi don ɗanɗano ba ya tsare komai, kuma mai hawan jini ya yi hattara. Bandar nama ko kifi a kan wuta ma haka take, zafin wutar da bushewar ne ke yin mafi yawan aikin, hayaƙin taimakawa yake yi. Kada a ƙona roba ko katako mai fenti a ƙarƙashinta.

Firij shi ne inda mutane suka fi sakin jiki fiye da kima. Ba ya kashe ƙwayoyin cuta, rage musu gudu kawai yake yi, shi ma sai sanyinsa ya kai digiri 5 ko ƙasa. Wata ƙwayar, Listeria, tana ci gaba da yaɗuwa a cikinsa a hankali, kuma tana da haɗari ga mai juna biyu. Ragowar girki kwana 3 zuwa 4 ne iyakarsa. Ki raba shi a ƙananan robobi marasa zurfi don ya yi saurin hucewa, domin babbar tukunya takan ɗauki sa'o'i tsakiyarta na da ɗumi. Ɗanyen nama ya zauna a can ƙasa, a rufe, kada ruwansa ya ɗiga a kan abin da aka dafa. Firiza, a digiri 18 ƙasa da sifili, tana tsayar da yaɗuwar cak, amma ƙwayoyin barci suke yi, da ƙanƙarar ta narke za su tashi. Saboda haka a narkar da nama a cikin firij, ba a kan teburi ba. Ganye da kayan lambu a ɗan sulala su na 'yan mintuna a tsoma a ruwan sanyi kafin a daskarar, in ba haka ba launi da ɗanɗanonsu za su gushe ko da suna cikin ƙanƙara. Idan wuta ta ɗauke, firij da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cikakkiya kuma kamar awa 48.

Tsami hanya ce mai kyau da ba ta cin kuɗi. Ko a zuba ruwan khal, ko a bar ƙwayoyi masu amfani su tsamar da abincin da kansu, kamar yadda madara ke zama yogot.

Sai gwangwani da kwalba, inda nake so ki fi natsuwa. Wani Bafaranshe, Nicolas Appert, shi ya fara toshe abinci a kwalba yana dafawa, ya wallafa hanyarsa a 1810, gwamnatin Faransa ta ba shi kyautar faran 12,000. Abin mamaki, bai san dalilin da ya sa abin ke aiki ba, sai da Louis Pasteur ya zo bayan shekara hamsin ya nuna cewa zafi ne ke kashe ƙananan halittu. Daga aikinsa aka samo hanyar da ake bi da madara a yau, a kai ta digiri 72 na daƙiƙa 15. Matsalar ita ce akwai ƙwayar Clostridium botulinum wadda rashin iska ne ma ke yi mata daɗi, irinta kuma ba ya mutuwa a tafasasshen ruwa, sai a digiri 121, zafin da tukunya mai matsin tururi ce kaɗai ke kaiwa. Gubarta tana shanye jiki har numfashi ya tsaya. Ba ta iya tsiro a abu mai tsami sosai, don haka 'ya'yan itatuwa masu tsami ana iya tafasa su a kwalba a gida, tumatir kuma a ƙara masa ruwan lemun tsami. Nama, kifi, wake da masara kuwa, in ba ki da irin wannan tukunyar, ki bar su ga firiza ko shanya. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya tsatsa, ko ya feso ruwa da aka buɗe, kada a ɗanɗana.

Game da funfunar da kika ambata: a abu mai laushi kamar burodi, miya ko tumatir, abin da ido ke gani kansa ne kawai, saiwoyin sun riga sun ratsa ciki, don haka yanke gefen da ya ɓaci bai wadatar ba. Kuma tunda kina saye da yawa, ki tsince masu rauni tun ranar da kika kawo su gida, ki fara amfani da su, ki rubuta kwanan wata a jikin duk abin da kika sa a firiza, sabo ya koma baya, tsoho ya dawo gaba.